Kowace Kalma Da Gurbinta: Nasiha Ga Masu Koyon Turanci

Ya ku ƙannena da 'ya'yana ɗalibai, maza da mata, musamman waɗanda ke shirin zana jarrabawar kammala sakandare da ta shiga jami'a. Yau ina so mu zauna a kan wani ɗan lungu na harshen Turanci wanda yake kayar da ɗalibai da dama ba tare da sun ankara ba, wato kalmomin da Bature ke amfani da su idan zai ce abu ya ragu, ko ya karye, ko ya fashe, ko an wargaza shi. Na zaɓi wannan rukuni ne domin babu darasin da ba ya leƙawa. Yana cikin lissafi, yana cikin kimiyya, yana cikin tattalin arziki da labarin ƙasa, yana cikin jaridar da za ku karanta da takardar maganin da likita zai rubuta wa mahaifiyarku.

Abin da ake yawan gani a rubutun yaranmu shi ne kalma biyu suka riƙe, “reduce” da “break”, su suke yi wa kowane aiki. Farashi ya sauka, “reduce”. Ruwan sama ya lafa, “reduce”. Mutum ya rame, “reduce”. Tulu ya fashe, “break”. Gini ya rushe, “break”. Mai sauraro zai gane inda aka dosa, amma mai duba takardar jarrabawa yana neman kalmar da ta dace da gurbin. Hukumar WAEC da aka kafa a 1952, da JAMB ta 1978, da NECO ta 1999, dukansu suna da tambayoyin da ake ja wa kalma layi a cikin jimla, a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko wadda take kishiyarta. A jarrabawar JAMB tambaya 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma ba a ɗauke wa kowa ba, ko likitanci zai karanta ko injiniyanci. Zaɓin nan huɗu da ake jerawa sau da yawa 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya haddace cewa dukansu ragewa suke nufi sai ya tsaya yana kallonsu, lokaci na tafiya, daga ƙarshe ya yi canki-canka.

Nasihata ɗaya ce, duk abin da zai biyo baya bayaninta ne. Kada ku koyi kalma ita kaɗai da fassararta guda. Ku koye ta tare da danginta, ku san abin da ya raba ta da su.

Wannan aiki kun riga kun iya shi tun kafin a kai ku makaranta. Ku tuna tsakar gida ranar da aka kwance damin gero. A zuba zangarniya a turmi a yi sussuka, ƙwaya ta saki, a sheƙe ƙaiƙayi a iska. A yayyafa ruwa a yi surfe, dusa ta fita, a bakace da faifai, a wanke a baza ya sha iska. In burabusko ake so, a ɓarza. In tuwo ne, a daka ko a kai inji a niƙa, a tankaɗe da rariya. In fura ce, bayan curin ya dahu a mayar turmi a kirɓa. Kayan miya ma haka, in ana son su yi laushi a markaɗa, in ana son a riƙa ganin gutsattsarin attaruhu a cikin miya a jajjaga. Kusan duk turmi ɗaya ne da taɓarya ɗaya, amma babu yarinyar da za a sa ta surfe ta dawo da gari. Kowace kalma a nan tana faɗin abin da ake sarrafawa, da yadda ake sarrafa shi, da abin da ake son ya saura. Haka kuma babu wanda ya zaunar da ku ya ce sanda karyewa take yi, ƙwai fashewa, zare tsinkewa, takarda yagewa, katanga rushewa, amma da wani zai ce ya karya ƙwai ko ya fasa zare, nan take za ku san baƙon harshe ne. Kunnen da ya iya jin wannan bambanci shi kuke buƙata a Turanci.

Sai dai ku sani, inda Hausa ta ja iyakokinta daban, inda Turanci ya ja nasa daban. Akwai inda muka raba su suka haɗe. Karya sanda da fasa ƙwai da tsinka zare, “break” ɗaya tana iya ɗauke su duka. Akwai kuma inda muka haɗe su suka raba. Mu a wurinmu man shanu ya narke a rana, sukari ma ya narke a shayi. Bature yana ce wa na farko “melt”, domin zafi ne ya mayar da daskararre ruwa, na biyun kuma “dissolve”, domin ya shiga cikin wani ruwan ne ya ɓace. Ɗalibin kimiyya da ya musanya su ya zubar da maki. Ga kuma rusa. Muna cewa an rusa gida, muna kuma cewa gwamna ya rusa majalisar zartarwarsa. Na farko “demolish” ne, aikin katafila da diga. Na biyu “dissolve” ne, sallama ce aka yi da takarda. Haka kuma idan mu za mu nuna abu ya yi yawa ko ya yi tsanani, mukan ninka gaɓar kalmar, fasa ta koma farfasa, karya ta koma kakkarya. Shi Turanci sabuwar kalma yake ɗaukowa. Gilashi in ya tsage bai rabu ba, “crack” ne. In ya tarwatse ya yi warwas a ƙasa, “shatter” ne. Busasshen kara in ya karye farat ɗaya da ƙara, “snap” ne. Busasshen burodi ko tsohon tubali in ya marmashe a hannu, “crumble” ne. Bututun ruwa in ya fashe saboda ƙarfin abin da ke cikinsa, “burst” ne.

Dalilin da ya sa Turanci ya tara kalmomi haka a kan abu ɗaya yana cikin tarihinsa. Asalinsa harshen wasu ƙabilu ne da suka tsallaka zuwa tsibirin Birtaniya daga yankunan da yau suke arewacin Jamus da Denmak, wajen ƙarni na 5. Daga gare su aka gaji gajerun kalmomin gida da gona, irin su “break” da “grind” da “tear” da “melt” da “shrink”. A shekarar 1066 Wiliyam mai mulkin Nomandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300. Latin kuwa dama shi ne harshen coci da makaranta, daga baya masana kimiyya suka riƙa ɗebo kalmomi daga gare shi da kuma Girkanci. Sai harshen ya zama hawa-hawa. Ganye in ya ruɓe, manomi ya ce “rot”, kalmar gado ke nan. Mai rubutu ya ce “decay”, wadda ta shigo ta Faransanci. Malamin ilmin halittu ya ce “decompose”. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ta hannun malamai da alƙalai hukunci da hujja da shari'a da littafi suka shigo Hausa daga Larabci, suka zauna tare da kalmominmu na gado. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi boko da Faransanci suna da sauƙi a nan, domin réduire da diminuer da analyser da suka sani su ne dai suka canja riga a Turanci.

Amfanin wannan tarihi gare ku shi ne, dogayen kalmomin nan da kuke tsoro harhaɗa su aka yi, kuma ana iya kwance su a ga sassansu. Mu fara da ita “reduce” ɗin. Gaɓarta ta farko, “re”, tana nufin komawa baya, sauran kuma daga kalmar Latin ce mai nufin ja ko jagoranta. Ma'anarta ta asali ke nan, mayar da abu inda ya fito. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta a asibiti. Idan yaro ya faɗo daga bishiya ya karye a hannu, likitan ƙashi ya ja hannun ya daidaita bakin ƙasusuwan suka koma mazauninsu kafin a sa filasta, abin da zai rubuta a kati shi ne “reduction”. Babu abin da ya rage daga hannun yaron, ɗori ya yi masa. A ajin lissafi in aka ce ka yi “reduce” na 6/8, amsar 3/4 ce, kuma wanda aka ba kashi shida cikin takwas na gona da wanda aka ba uku cikin huɗu, rabo ɗaya suka samu. Lambobin ne suka sauƙaƙa, ƙimar tana nan yadda take. A ilmin sinadarai kuma, sunan ya samo asali ne daga aikin masu narkar da tama, waɗanda suke gasa dutse da gawayi har iskar oksijin ta bar shi, ƙarfe ya fito. Yau malamin kimiyya zai ce muku “reduction” shi ne sinadari ya karɓi ilektiron, wato ƙari ma ya samu. Mai girki a Turai in ya ce a yi “reduce” na romo, nufinsa a bar shi a wuta ruwan ya tsotse ya yi kauri. Kalma ɗaya, ɗaki huɗu, ma'ana huɗu. Don haka duk lokacin da kuka ci karo da kalma, ku fara tambayar kanku a wane aji kuke zaune.

Akwai saiwoyi kaɗan da in kuka riƙe su za su buɗe muku kalmomi masu yawa. Gaɓar “de” a farkon kalma yawanci saukarwa ce ko cirewa, “dis” kuma rabuwa ce. Kalmar Latin mai nufin girma ita ce a cikin “increase” da “decrease”, ita ce kuma a cikin “crescent”, jinjirin watan da ke ƙaruwa dare bayan dare. Mai nufin cika ita ta ba da “complete”, sai “deplete” ta zama kwashe abin da ke cike, shi ya sa ake faɗinta a kan rumbu da baitulmali da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai nufin gwaigwaya ta ba da “rodent”, dangin ɓera da gafiya, ta kuma ba da “erode”, zaizayewa kaɗan-kaɗan, da “corrode”, cin da tsatsa ke yi wa ƙarfe. Mai nufin kwancewa ta ba da “solve” da “dissolve”. Takwararta ta Girkanci ita ce “lysis” da kuke gani a ƙarshen “analysis” da “electrolysis” da “hydrolysis”, duk warware abu ne zuwa sassansa, da tunani ko da lantarki ko da ruwa. In kun ga “frag” ko “fract”, ku tuna karaya: “fracture” karayar ƙashi, “fragment” ɓallin abu, “fragile” mai saurin fashewa, “fraction” ɓangaren lamba. In kun ga “rupt”, ku tuna ɓarkewa: “erupt” aman wutar dutse, “interrupt” katse magana, “bankrupt” karayar jari, “corrupt” lalacewar hali.

Amma saiwa hanya take nunawa, ba ita ce ƙarshen magana ba, domin kalmomi suna tafiya su bar inda aka haife su. Ga “decimate”. Tushenta lambar goma ce a Latin, daga hukuncin da sojojin Rum suke yanke wa rundunar da ta yi tawaye ko ta gudu daga fagen fama, a kashe mutum ɗaya cikin kowane goma. Yau in jarida ta ce annoba ta yi “decimate” na garken shanu, tana nufin ta kashe kaso mai yawa, ba ɗaya cikin goma ba. Saboda haka ku yi hasashe da saiwa, ku tabbatar da ƙamus. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Idan kalmomi biyu suka rikita ku, akwai tambayoyi huɗu da za ku yi musu. Ta farko, abin da kansa ya faru ko wani ne ya aikata? Hausa tana nuna wannan a wutsiyar kalma: fasa da fashe, rusa da rushe, rage da ragu. A Turanci wasu kalmomin ba sa karɓar mai aikatawa. Kuɗi a aljihu yana “dwindle”, ambaliya tana “subside”, amma ba a cewa gwamnati ta yi “dwindle” na farashi. Wasu kuma sai da hannun wani, kamar “curtail” da “slash”, wato taƙaitawa da zaftarewa. Masu karatun tattalin arziki su kula da wannan sosai. Idan darajar kuɗin ƙasa ta zube a kasuwa saboda masu neman dala sun fi masu sayarwa, “depreciate” ne. Idan hukuma ce ta zauna ta yanke shawarar karya darajar, “devalue” ne. Abin da ya faru da sefa ke nan a watan Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa da ake canjawa sefa 50 ya koma sefa 100, mutanen Maraɗi da Damagaram suka ga kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. Naira ma ta sha irin wannan karya daraja a 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida.

Tambaya ta biyu, a hankali abin ya faru ko farat ɗaya? Ku je ku tsaya a gindin badalar Kano ku duba. Inda ruwan damina ya yi ta sauka shekara da shekaru ya tsaga ƙananan kwari a jikinta, wannan “erode” ne. Inda jar ƙasar ta bushe take zubowa da kanta in an taɓa, “crumble” ne. Inda wani ɓangare ya jiƙe ya rufto dare ɗaya, “collapse” ne. Inda mutane suka sa diga suka baje don su yi gini, “demolish” ne. Katanga ɗaya, kalma huɗu, kuma kowacce tana gaya wa mai karatu wanda za a tuhuma. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke da kusan kashi tara cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980. Littafin labarin ƙasa zai ce “shrink”, zai ce bakin ruwan ya yi “recede”, wato ya janye. Ba zai ce “collapse” ba, domin ba a rana ɗaya abin ya auku ba.

Tambaya ta uku, me ya saura bayan an gama, kuma ana iya mayarwa? Makaniken da ya sauke injin mota ya shimfiɗa kwali, ya jera sassan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba notuna a gwangwani don kada su ɓace, “dismantle” ya yi, gobe zai haɗa. Wanda ya sa guduma ya ragargaza injin, “destroy” ya yi, sai dai a kai wa 'yan gwangwan. Ƙasa in ta wargaje kowane yanki ya kama gabansa, kamar yadda Tarayyar Sobiyet ta zama ƙasashe 15 a ƙarshen 1991, “disintegrate” ake cewa. Wannan tambaya ce kuma take raba “alleviate” da “eradicate”. Ta farko sassautawa ce, a rage wa mutum nauyi alhali matsalar tana nan. Ta biyu tushenta kalmar saiwa ce, tumɓukewa ce gaba ɗaya. Cutar agana, wadda kakanninmu da yawa suka ɗauki zanenta a fuska, ita ce aka yi wa “eradicate”, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 1980. Zazzaɓin cizon sauro kuwa har yanzu sassauta shi muke yi. In kuka ji mai mulki ya yi alkawari a kan talauci, ku saurara ku ji wacce ya ɗauka cikin biyun, domin da ita za ku auna shi.

Tambaya ta huɗu, da wa kalmar take tafiya? Kowace tana da abokan zama. Hadari da ciwo da fushi su ne suke “abate” ko “subside”, kamar yadda mu ma muke cewa iska ta lafa, rikici ya lafa, amma ba ma cewa albashi ya lafa. Wata bayan daren sha huɗu yana “wane”. Littafi in an taƙaita shi “abridge” ne, kalma in an gajarta ta “abbreviate” ne. Madara in an tsarma ta da ruwa “dilute” ne. Cire lamba daga lamba “subtract” ne, cire haraji daga albashi “deduct” ne. Wannan ba a gane shi da dabara, sai da yawan karatu da sauraro.

Yanzu bari in ja kunnenku a kan ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa. Ku ɗauka mahaifinku yana shan ƙwayar magani uku a rana, sai likita ya rubuta “reduce by one tablet”. Ma'ana a cire ɗaya, ya riƙa shan biyu. In kuwa ya rubuta “reduce to one tablet”, a sauko da shi ne zuwa ƙwaya ɗaya tak. Harafi biyu ne suka canja, amma lafiyar mutum tana rataye a kansu, kuma ku 'yan boko ku za a miƙa wa takardar a gida. Haka yake a takardar yarjejeniyar bashi, haka yake a tambayar lissafi. Ku duba kuma yadda “break” ke sauya fuska da ɗan abin da ya biyo ta. “Break down” ita ce lalacewar mota a hanya, ita ce rugujewar zaman sulhu, ita ce mutum ya kasa daurewa ya fashe da kuka, ita ce kuma a fayyace lissafin kuɗi dalla-dalla. “Break up” watsewar taro ce ko rabuwar masoya. “Break out” ɓarkewar yaƙi ko annoba ce. “Break in” fasa gida ne na ɓarawo. Kada ku ɗauke su kalma ɗaya mai wutsiya daban-daban, kowacce ku ba ta shafinta.

Ko a sauraron labarai wannan sani yana kare mutum daga ruɗu. In aka ce hauhawar farashi ta sauko, misali daga kashi 30 cikin ɗari zuwa 25, mutane sukan je kasuwa su tarar kwanon masara bai sauka ba, su ce ƙarya aka yi musu. Abin da ya ragu shi ne saurin hawan, farashin kuwa yana ci gaba da hawa. Ɗalibin da ya saba tambayar mene ne ainihin abin da ya ragu, shi zai iya yi wa mutanen gidansu bayani.

To, yaya za ku yi? Ku ware littafin rubutu guda saboda wannan aiki kaɗai. Kowane shafi na dangi ɗaya ne, wannan na raguwa, wancan na karyewa, wani na ruɓewa da zaizayewa. In kun tsinci sabuwar kalma, ku kwafe jimlar da kuka same ta a ciki gaba ɗaya, ku rubuta Hausar da ta fi kusa da ita a wannan gurbin, ku yi mata tambayoyin nan huɗu, sannan ku gina jimlar kanku a kan abin da ke unguwarku. Ku nemi ƙamus na Turanci zuwa Turanci wanda aka yi saboda masu koyo, irin na Oxford da A. S. Hornby ya tsara. Shi Hornby ya koyar da Turanci a Japan, ya san inda baƙon harshe ke tuntuɓe, shi ya sa ƙamus ɗinsa, wanda kamfanin Oxford ya fitar a 1948, yake kawo misalan jimla a ƙarƙashin kowace ma'ana. Misalan nan su ne naman, kada ku karanta ma'anar farko ku rufe. Ku haɗa da na Turanci zuwa Hausa, kamar na Neil Skinner na 1965 ko na Roxana Ma Newman na 1990. Littafin jera kalmomi dangi-dangi da Peter Roget ya fara fitarwa a 1852 yana da amfani wajen tuna muku 'yan gidan, amma ba ya faɗin abin da ya raba su, don haka duk wadda kuka ɗauko daga cikinsa ku kai ta gaban ƙamus. Manhajar fassara da ke wayarku ma haka, kalma ɗaya za ta miƙo muku, ba ta san ko a asibiti kuke ba ko a kasuwa.

Wata dabara mai sauƙi ita ce ku nemi labari guda a harshe biyu. Ku karanta shi a Daily Trust, ku karanta shi a Aminiya, ko ku saurare shi a sashen Hausa na BBC sannan ku duba na Turancinsa. Ku lura da abin da ƙwararren mai fassara ya ce inda Bature ya ce “slash” ko “ease” ko “plummet”. Kalma uku a rana ta wannan hanya ta fi talatin da aka haddace daren jarrabawa, sannu ba ta hana zuwa. Kuma za ku ga amfaninsa a sashen taƙaita labari na WAEC, inda ake son ku tattara dogon bayani cikin 'yan jimloli da kalmominku. Wanda ya san “erode” ya huta da rubuta layi biyu yana kwatanta yadda ruwa ke cin ƙasa.

Idan Allah ya sa kalmomin suka taru a hannunku, kada ku mayar da su ado. Akwai ɗalibin da zai rubuta “pulverize” inda “grind” ta wadatar, don dai a ce ya iya. Mai duba takarda ya fi son gajeriyar kalma a gurbinta da doguwa a gurbin wata. Ana neman yawan kalmomi ne domin a faɗi gaskiyar abu daidai yadda yake, kada a ƙara kada a rage, kuma wannan amana ce a kan duk wanda zai zama likita ko lauya ko ɗan jarida ko malamin makaranta.

Daga ƙarshe, kada neman Turanci ya sa ku saki Hausarku. Yaron da bai san bambancin ɓarza da niƙa ba, ko na lafawa da ƙafewa, zai sha wuya kafin ya ji irin wannan bambanci a harshen wasu. Ku zauna da iyaye da kakanni ku tambaye su sunayen ayyukan gida da na gona da na maƙera, ku leƙa ƙamus ɗin Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, matambayi ba ya ɓata. Ku sayi littafin nan na rubutu a wannan mako, ku buɗe shafin farko da “reduce” da danginta, ku nuna wa malaminku na Turanci ya gyara muku. Allah ya buɗa ƙwaƙwalwarku, ya ba ku ilmi mai amfani, ya sa ku fito da sakamakon da zai faranta ran iyayenku.